'Yan A-Sakar-Mana-Mara Da Zaɓen Rabin Wa'adi Na Amurka

A Amurka shugaban ƙasa ba ya cinye shekarunsa huɗu ba tare da talakawa sun ɗora shi a kan ma'auni ba. Da ya cika shekara biyu sai a koma rumfunan zaɓe, a sake zaɓen dukan kujeru 435 na Majalisar Wakilai, da kimanin sulusin kujeru 100 na Majalisar Dattawa, da gwamnonin jihohi da dama. Wannan shi ne zaɓen rabin wa'adi. Sunan shugaban ba ya cikin takardar ƙuri'a, amma kowa ya san shi ake yi wa shari'a, kuma yawanci jam'iyyarsa ce ke kwana ciki.

A wannan wata mun ga ya dace mu waiwayi zaɓen ranar 2 ga Nuwamba 2010, sa'an nan mu dube shi da idon wasu mutane waɗanda ba a cika jin labarinsu a gidajen rediyo ba. Su ne 'yan libatariya. Da yake sunan yana da nauyi a baki, mu za mu kira su 'yan a-sakar-mana-mara, domin iyakar abin da suke nema ga hukuma ke nan. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, a yi haƙuri a bi mu, domin kafin mu kai ƙarshe maganar za ta biyo ta Agadas.

Su wane ne su?

Aƙidarsu ba ta da wuyar faɗi. Aikin gwamnati, in ji su, shi ne ta tsare ran mutum da dukiyarsa, ta kafa kotu, ta kare iyakar ƙasa. Abin da ya wuce haka shisshigi ne. Ba sa son haraji mai yawa, ba sa son gwamnati ta ci bashi, ba sa son ta ƙayyade farashi ko ta tallafa wa kamfani. Har nan bakinsu ɗaya da jam'iyyar Rifablikan. Amma kuma ba sa son yaƙi a ƙasar wani, ba sa son jami'an leƙen asiri su saurari wayar mutane, kuma da yawansu suna ganin ba hurumin hukuma ba ne ta ɗaure baligi saboda abin da ya sha ko ya busa. A nan sai su fi kusa da wani ɓangare na jam'iyyar Dimokurat. Wannan na ƙarshe mun san ba zai yi wa yawancin masu karatunmu daɗi ba, mu ma bai kwanta mana ba, amma ba shi ya tara mu ba.

Suna da jam'iyyarsu ta kansu wadda aka kafa a 1971, sai dai ba ta taɓa cin kujera a majalisar tarayya ta hanyar zaɓe ba. Mafi yawan abin da ta samu a zaɓen shugaban ƙasa shi ne kashi 3 da 'yan kai cikin ɗari, lokacin da ta tsayar da Gary Johnson a 2016. Ƙarfinsu yana cikin rubuce-rubuce da cibiyoyin nazari irin su Cato, wadda aka buɗe a 1977, da kuma 'yan tsirarun da suka shiga rigar Rifablikan suka je majalisa. Uban tafiyar waɗannan shi ne Ron Paul na jihar Tekzas, likitan mata, wanda abokan aikinsa suka laƙaba wa sunan Likita A'a saboda duk dokar da bai ga gurbinta a tsarin mulki ba, ƙuri'ar ƙi yake jefa mata, ko da shi kaɗai ne.

Daren da aka yi wa Obama wankin babban bargo

Zaɓen 2010 ya zo a lokacin da ran mutane yake ɓace. Tattalin arziki ya karye a 2008. Gwamnatin George Bush ƙarami ta ware dala biliyan 700 don ceton bankuna, waɗanda su ne suka haddasa ɓarnar. Barack Obama ya zo a 2009 ya ƙara da dala biliyan 787 na farfaɗo da tattalin arziki, sa'an nan a watan Maris 2010 ya sa hannu a dokar inshorar lafiya. Marasa aikin yi sun kusa kashi 10 cikin ɗari. Cikin wannan ɗumi ne aka haifi ƙungiyar Tea Party, wato 'Yan Shayi, waɗanda suka ari sunan daga abin da ya faru a Boston a 1773, sa'ad da mazauna garin suka zubar da ganyen shayin Turawan Ingila a teku don ƙin haraji.

Da aka ƙidaya ƙuri'u, Rifablikan ta ƙwace kujeru 63 a Majalisar Wakilai, ta karɓe ragamarta, ta kuma ƙara kujeru 6 a ta Dattawa. Rabon da a ga irin wannan kaye a zaɓen rabin wa'adi tun 1938. Ɗan Ron Paul, Rand Paul, likitan ido, ya ci kujerar dattijo a Kentaki. Wani matashin lauya mai suna Justin Amash, ɗan asalin Falasɗinu da Siriya ta wajen iyaye, ya ci ta wakili a Mishigan.

Ashe sai a ce 'yan a-sakar-mana-mara sun kwana suna rawa. Ina! Murnar tasu da sauƙi-sauƙi. Na farko, a daren nan ne Russ Feingold na jihar Wiskonsin ya faɗi. Shi Dimokurat ne, amma shi kaɗai ne a Majalisar Dattawa ya ƙi dokar leƙen asiri da aka yi cikin gaggawa bayan harin 11 ga Satumba 2001. Na biyu, kuma mafi girma, sun riga sun san halin abokan tafiyarsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A 1994 ma an yi irin wannan guguwa. Rifablikan, ƙarƙashin Newt Gingrich, ta ci ƙarin kujeru 54, ta karɓi Majalisar Wakilai karo na farko cikin shekara 40, da alkawarin rage girman gwamnati. An yi ta ja-in-ja da Bill Clinton, har daga 1998 zuwa 2001 kasafin kuɗin ƙasar ya riƙa fitowa da rara. Amma da Rifablikan ta haɗa fadar shugaban ƙasa da majalisa a zamanin Bush, sai aka buɗe bakin jaka: yaƙin Afganistan, yaƙin Iraƙi, sabon shirin sayen magani ga tsofaffi a 2003, ga kuma ragin haraji, duk a kan bashi. Bush ya tarar da bashin dala tiriliyan 5.7, ya bar shi a 10.6. (Tiriliyan ɗaya biliyan dubu ne, biliyan kuwa shi ne abin da wasunmu ke kira miliyar.) Daga nan ne William Niskanen na cibiyar Cato ya yi ta jaddada wani ra'ayi da ya bazu a cikinsu, cewa aljihun talaka ya fi samun lafiya idan shugaba yana jam'iyya ɗaya, majalisa tana wata. Ma'ana, abin da suka yi wa murna a 2010 ba nasarar Rifablikan ba ce, rigimar da za ta hana kowa kashe kuɗi ce.

Ina za a sa wuƙar?

A lokacin zaɓen bashin Amurka ya haura dala tiriliyan 13 da rabi, wato kimanin dala 44,000 a kan kowane ɗan ƙasa, har da jinjirin da ke goye. Gwamnati tana kashe wajen tiriliyan 3 da rabi a shekara, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na wannan kuɗi rance ne.

Shugabannin Rifablikan sun yi alkawarin yanke dala biliyan 100 a shekarar farko. Amma a cikin takardar alkawarin sun keɓe tsofaffi, da tsofaffin sojoji, da rundunar soja, suka ce ba za a taɓa su ba. A nan gizo ke saƙa. Fansho, da lafiyar tsofaffi da matalauta, da soja, su ne suke cinye fiye da rabin kasafin. Wanda ya ce zai rage cefanen gida amma ba zai taɓa hatsi da nama da mai ba, gishiri da daddawa kawai zai rage. Haka 'yan a-sakar-mana-mara suka faɗa tun kafin a rantsar da sabuwar majalisa, kuma a ganinmu sun yi gaskiya.

Rand Paul bai ɓata lokaci ba. A watan Janairu 2011 ya kawo shawarar a yanke dala biliyan 500 cikin shekara guda, a rushe wasu ma'aikatu ɗungurungum, a rage na soja, a kuma tsayar da taimakon ƙasashen waje kaf, har da wanda ake ba Isra'ila. A siyasar Amurka wannan kamar taɓa wutsiyar damisa ne. Shawarar ba ta je ko'ina ba. Abin da aka daidaita a kai a watan Afrilu shi ne ragin biliyan 38, kuma da ofishin ƙididdigar kasafi na majalisa ya yi lissafi, sai ya tarar abin da zai ragu a zahiri cikin wannan shekarar bai wuce dala miliyan 352 ba. An yi ta rugugin hadari, aka ɓuge da yayyafi.

Duk da haka kada mu rage musu mudu. A watan Agusta 2011 sababbin wakilan sun ƙi yarda a ɗaga iyakar bashin da doka ta ba gwamnati damar ci, sai da aka yi dokar da ta sa wa kashe kuɗi linzami na shekara goma. Rigimar ta yi tsanani har wani kamfanin auna darajar masu cin bashi ya rage wa Amurka maki, abin da bai taɓa yi ba. Da jam'iyyun biyu suka kasa shirya inda za a rage, sai yankan kan-mai-uwa-da-wabi ya fara aiki a watan Maris 2013, rabi a kan soja, rabi a kan sauran ma'aikatu. Kuɗin da gwamnati ke kashewa ya sauka shekara biyu a jere, 2012 da 2013, abin da ba a gani ba tun bayan yaƙin Koriya.

Linzamin bai daɗe ba. An sassauta shi a 2013, aka ƙara a 2015, a 2018 da 2019. Na 2018 ya fi ba su haushi, domin a lokacin Donald Trump ne shugaba, majalisun biyu kuma suna hannun Rifablikan. Rand Paul ya tsaya a zauren majalisa cikin dare yana tambayar 'yan jam'iyyarsa yadda giɓin kasafi ya zama haram a zamanin Obama, ya koma halal a nasu. Ya jawo aka rufe gwamnati na 'yan sa'o'i, gari ya waye aka zartar da dokar. Amash ya fice daga jam'iyyar a 2019. A watan Maris 2020 Thomas Massie na Kentaki ya nemi kowane wakili ya bayyana ƙuri'arsa da sunansa kafin a kashe dala tiriliyan 2.2 na annobar korona, sai Trump ya ce a kore shi daga jam'iyya. Bashin da ya tayar da 'Yan Shayi yana tiriliyan 13 ya wuce 36 a ƙarshen 2024, kuma a shekarar kuɗin ruwan da ake biya a kansa ya zarce abin da ake kashe wa soja.

Yaƙi ma kuɗi ne

Inda suka fi shan bamban da sauran masu ra'ayin riƙau shi ne harkar waje. Su a wurinsu ba a raba kasafi da yaƙi. A 2010 Amurka tana kashe wa soja wajen dala biliyan 700 a shekara, tana da sansanoni ɗaruruwa a ƙasashen duniya. A shekarar ne Ron Paul ya haɗa kai da Barney Frank, Dimokurat, suka nemi a rage kusan tiriliyan ɗaya daga kuɗin soja cikin shekara goma.

Hujjarsu biyu ce. Ta farko ta tsarin mulki: majalisa ce kaɗai ke da ikon ƙaddamar da yaƙi, ba shugaba ba. Ta biyu kuwa ita ce duk wanda ya jefa dutse a kasuwa bai san kan da zai faɗa ba. Ron Paul yana cikin 'yan Rifablikan 6 kacal da suka ƙi yaƙin Iraƙi a Majalisar Wakilai a 2002. A wata muhawara a 2007 ya ce shisshigin Amurka a Gabas ta Tsakiya, tun daga kifar da gwamnatin Musaddak a Iran a 1953, yana cikin abin da ke jawo mata ƙiyayya. Rudy Giuliani ya taso masa, zauren ya ɗauki tafi, aka ɗauka ta ƙare masa. Ashe daga ranar ne matasa suka fara binsa.

Sabuwar majalisar ba ta cika wata uku ba jarrabawa ta zo. Ranar 19 ga Maris 2011 jiragen Amurka da Faransa da Ingila suka fara ruwan wuta a Libiya. Obama bai nemi izinin majalisa ba. Akwai dokar 1973 da ta ce in an kwana 60 ana yaƙi babu izini, a janye. Lauyoyin fadar shugaban suka ce abin da ake yi a Libiya bai kai a kira shi yaƙi ba. A watan Yuni Majalisar Wakilai ta ƙi ba da izini, amma a rana guda ta ƙi datse kuɗin yaƙin. Wakilai 10, har da Ron Paul, suka kai ƙara kotu, alƙali ya kori ƙarar. An kashe Gaddafi ranar 20 ga Oktoba.

Sauran labarin ba sai mun ba mutanen yankinmu ba. Dubun dubatar 'yan ci-rani suka dawo gida hannu rabbana. Rumbunan makaman Libiya suka fashe, bindigogi suka malalo kudu ta hamada. A farkon 2012 arewacin Mali ya faɗi. Ba mu ce yaƙin Libiya ne kaɗai ya haifi abin da Sahel ke ciki ba, wutar tana da makamashinta na gida. Amma wanda ya zuba mata fetur sananne ne, kuma Obama da bakinsa ya ce rashin shirya abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinsa.

Daga Washinton zuwa Agadas

A watan Fabrairu 2013 Obama ya sanar da majalisa cewa ya tura sojoji kimanin 100 Nijar don aikin jirage marasa matuƙi. Makonni biyu bayan haka Rand Paul ya riƙe bakin magana a Majalisar Dattawa har kusan sa'a 13 a kan irin waɗannan jirage, duniya ta yi ta yabonsa. Amma a lura da abin da yake tambaya: shin shugaba na da ikon kashe Ba'amurke da irin wannan jirgi a cikin ƙasar Amurka? Ba ta mutanen Waziristan ko na Yaman yake yi ba. Wannan shi ne iyakar tafiyarmu da su. Abin da ya dame su shi ne 'yancin Ba'amurke da aljihunsa. In mun amfana, albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Sojoji 100 suka zama wajen 1,000. Aka gina sansani a Agadas a kan fiye da dala miliyan 100. Ranar 4 ga Oktoba 2017 aka yi wa wata tawaga kwanton ɓauna a Tongo Tongo, kusa da iyakar Mali, aka kashe sojojin Amurka 4 da na Nijar aƙalla 4. Sai ga manyan dattawa irin su Lindsey Graham suna faɗi a talabijin cewa ba su san suna da sojoji masu yawan haka a Nijar ba. Ga 'yan a-sakar-mana-mara wannan ya isa shaida: waɗanda tsarin mulki ya ɗora wa alhakin yaƙi ba su ma san inda ake yinsa ba. Gwamnatoci suna fakewa da izinin da aka bayar a Satumba 2001 don farautar waɗanda suka kai harin New York, izinin da Ron Paul ma ya jefa wa ƙuri'ar amincewa a lokacin.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Rand Paul ya tilasta wa Majalisar Dattawa jefa ƙuri'a a kan kwashe sojojin daga Nijar. Ranar 26 ga Oktoba aka yi, 11 suka goyi bayansa, 86 suka ƙi. Abin da majalisar Amurka ta ƙi yi, hukumomin Yamai suka yi shi: a watan Maris 2024 suka soke yarjejeniyar soja, kafin ƙarshen Satumba sojojin sun tattara nasu ya nasu.

Auduga da gidan sauro

Akwai wani wurin da bakinsu ya zo ɗaya da na manominmu. Sun daɗe suna sukar tallafin da Amurka ke ba manyan manomanta. A farkon shekarun 2000 manoman auduga kimanin 25,000 suna karɓar dala biliyan 3 zuwa 4 a shekara, abin da ya karya farashi a kasuwar duniya. Shi ya sa Binin, Burkina Faso, Mali da Cadi suka kai kuka taron cinikayya na Kankun a 2003. Birazil ta kai ƙara ta yi nasara. Maimakon a janye tallafin, daga 2010 sai Amurka ta shiga biyan Birazil dala miliyan 147 kowace shekara don ta yi shiru.  Wasu daga cikin 'yan majalisar da suka ci zaɓe da sunan tsuke bakin aljihu daga jihohin noma suka fito, kuma ba su ga laifin wannan ba.

Amma takobin nan kaifi biyu gare shi. Mutanen da ba sa son a turo mana soja, ba sa son a turo mana gidan sauro. Taimakon waje kimanin kashi ɗaya ne cikin ɗari na kasafin Amurka, amma a cikinsa ne ake samun maganin ƙanjamau tun 2003, da shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro wanda Gana da Nijeriya suka daɗe a ciki, Nijar da Kamaru kuma suka shiga a 2017. Su suna cewa taimako kuɗin talakan ƙasa mai arziki ne ake miƙa wa mai arzikin ƙasa matalauciya. Duk wanda ya ga manyan motocin ayyukan agaji a birane ya san maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Amma uwar da ɗanta ya kwana cikin gidan sauron da aka raba a asibitin ƙauye ita ma tana da tata shaidar. Mu da muka ɗanɗani tsuke bakin aljihu a shekarun gyaran tattalin arziki, muka ga an kori ma'aikata, an sa kuɗi a asibiti da makaranta, aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, ba ma jin kalmar ƙaramar gwamnati kamar yadda mutumin Kentaki ke jin ta. A wurare da yawa a yankinmu matsalar ba gwamnati ta yi yawa ba ce, babu ita ne sam.

A 2025 gwamnatin Trump ta rushe hukumar USAID, aka rufe ta ranar 1 ga Yuli. Kwana uku bayan haka Trump ya sa hannu a wata babbar dokar haraji da kashe kuɗi, wadda ofishin ƙididdigar majalisa ya ce za ta ƙara giɓin dala tiriliyan 3.4 cikin shekara goma, ta kuma ɗaga iyakar bashi da tiriliyan 5. Rand Paul da Massie suna cikin 'yan Rifablikan ƙalilan da suka ƙi ta. Makonni biyu bayan haka aka kawo wa Majalisar Dattawa buƙatar janye kimanin dala biliyan 8 na taimakon waje da aka riga aka ware. Wannan karon Rand Paul ya ce e, kuma ta wuce da ƙuri'a 51 a kan 48.